A Zariya aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, amma an ce in kawo takardar asali daga garin da ban taɓa kwana ba

Jikan Ɗan Reluwe ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da wata damuwa da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ina roƙon waɗanda suka san doka da waɗanda suka daɗe a aikin gwamnati su haska mini hanya.

Kakana na wajen uba ya zo Zariya daga Ogbomosho yana saurayi, tun zamanin Turawa, ya yi aikin reluwe har ƙarfinsa ya ƙare, kuma a nan aka binne shi. A nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, na kuma karanci aikin gwaje-gwajen asibiti. Hausa ce harshen da muke yi a gida, Yarabancina kuwa bai wuce na gaisuwa ba. Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata a wata ma'aikatar gwamnati, na cike komai da komai, sai aka zo kan takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira takardar indijin. Na je ofishin da ake bayar da ita, jami'in ya karɓe ni da fara'a, muka gaisa, ya fara rubutu. Da ya kai kan sunan kakana sai ya ajiye biro, ya ce in yi haƙuri in tafi garinmu a ba ni. Na ce masa nan ne garinmu, ya yi murmushi ya ce ai na san abin da yake nufi.

Wani ɗan'uwan mahaifina ya yi mini tambaya a can Ogbomosho, aka ce sai na zo da kaina, na nuna gidan kakannina, kuma wani dattijo na zuri'ar ya tsaya mini. Ban san kowa a can ba, ko sau ɗaya ban taɓa kwana a garin ba.

Tambayata kashi biyu ce. Shin doka ta yarda a hana ɗan Nijeriya aikin gwamnati a garin da aka haife shi saboda asalin kakansa? Sannan idan haka abin yake, mene ne bambancin wannan da wariyar launin fata da muke jin ana kuka da ita a ƙasashen Turawa?

Barista Ɗan Kongo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, zama ɗan ƙasa daban, zama ɗan asalin jiha daban, kuma kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauko su duka biyu ya zuba a tukunya ɗaya ba tare da ya bayyana yadda za su dahu tare ba. A matsayinka na ɗan ƙasa babu wanda ya isa ya taɓa ka, domin sashe na 25 ya ce duk wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yancin kai, kuma ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa. Sashe na 41 ya ba ka damar zama a duk inda ka ga dama a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya haramta a nuna maka bambanci saboda ƙabilarka, ko wurin asalinka, ko jinsinka, ko addininka, ko ra'ayinka na siyasa.

To amma kundin nan shi ne kuma ya ce a sashe na 14, ƙaramin sashe na 3, dole a raba muƙaman gwamnatin tarayya yadda 'yan wasu jihohi ƙalilan ko wasu ƙabilu ba za su mamaye ba, ƙaramin sashe na 4 ya ɗora irin wannan nauyi a kan jihohi da ƙananan hukumomi, sashe na 147 kuma ya wajabta wa shugaban ƙasa naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta ne. Wannan tsari na raba daidai ya fara shiga kundi a 1979, sannan a 1996 aka kafa hukumar da ke sa ido a kansa. Ƙa'idojin hukumar sun tanadi cewa kason kowace jiha a manyan ma'aikatan tarayya kada ya gaza kashi 2.5 cikin ɗari, kada kuma ya wuce kashi 3. Da zarar an ce za a ƙidaya mutane jiha-jiha, dole a nemi takardar da za ta nuna wace jiha ce ta kowa, kuma daga nan ne takardar indijin ta samu ƙarfin da ta fi takardar haihuwa. Kundin bai faɗi shekara nawa mutum zai zauna a wuri ya zama ɗan wurin ba, sai aka bar hukuncin a hannun ƙananan hukumomi 774, kowacce da irin ma'auninta, wani lokaci ma kowane shugaba da nasa.

Akwai kuma wata ƙofa da masu kare hukumomi suke bi a kotu. Ƙaramin sashe na 3 na shi sashe na 42 ya ce dokar da ta sanya sharuɗɗa kan naɗin muƙaman gwamnati, ko ɗaukar soja da 'yan sanda, ba ta rushewa don wannan dalili kaɗai. Sashe na 15 kuwa, wanda ya umarci gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina, yana cikin babi na biyu ne, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Duk da haka kotuna ba su yi shiru ba. A 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar ƙaramar hukumar Lafiya da gwamnan Nasarawa, inda gwamnati ta umarci ma'aikatan ƙananan hukumomi kowa ya koma ƙaramar hukumarsa ta asali, kotun ta ce wannan umarni ya saɓa wa sashe na 42. Sai dai a 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, galibinsu Inyamurai ne 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta, wanda ya nuna cewa cutar ba ta tsaya tsakanin Arewa da Kudu ba.

Abin da zai fi yi maka amfani shi ne ma'anar da ƙa'idojin hukumar raba daidai suka ba ɗan asalin ƙaramar hukuma: wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin wurin ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta amince da shi a matsayin nata. Ka lura an ce ɗaya daga cikin iyaye, ba a ce uba kaɗai ba. Ka ba mu labarin dangin uba har kaka, ba ka ce komai ba game da mahaifiyarka. 'Yar ina ce?

Tsohon Akawun En'e ya rubuta:

Ɗana, na ji zafin da ka ji, kuma ban ga laifinka ba. Amma tun da Barista ya kawo sassan doka, ni bari in kawo abin da ya haifi dokar, domin matasa da yawa suna zagin tsarin raba daidai ba tare da sun san ramin da aka haƙa shi don cikewa ba.

An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859, mu kuwa sai a 1921 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Kaduna, sannan ta dawo Zariya ta zama Barewa. Tazarar shekara sittin da ɗoriya ke nan. Da Turawa suka fara shirin tafiya, ofisoshin gidan waya da reluwe da baitulmali a Arewa cike suke da mutanen Kudu, ba don sun yi wa kowa fashi ba, sai don su ne ke da takardun. Shi ya sa gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar fifita ɗan Arewa a aikin gwamnatin jihar Arewa, aka riƙa horar da akawuna da jami'an mulki a makarantar da ke unguwar Kongo a Zariya, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Da ba a yi haka ba, da irina ɗan talaka daga ƙauye bai taɓa zama a kan tebur ba. Har gobe idan aka ce a cire kaso gaba ɗaya a bar jarrabawa kaɗai, na san ƙananan hukumomin da za a shekara goma ba a ga ɗansu ko ɗaya a ma'aikatar tarayya ba, kuma gwamnatin da mutane ba su ganin nasu a cikinta ba ta samun biyayyarsu.

Inda na rabu da masu riƙe da biro a yau shi ne, ɗan Arewa a wancan zamani yana da faɗi. Bayarabe daga Ilori ko Kabba ɗan Arewa ne, Batibi daga Gboko ɗan Arewa ne. Da aka yayyanka ƙasa jiha goma sha biyu a 1967, aka ci gaba da yanka har 36, sai rigar ta riƙa tsukewa, yau ga shi mutumin Giwa yana iya zama baƙo a Soba. Shi ma rabon unguwannin Zariya gadon Bature ne: Birni na Zazzagawa, Tudun Wada na 'yan Arewa da suka zo daga wasu garuruwa, Sabon Gari na mutanen Kudu da ma'aikatan jirgin ƙasa, bariki kuma na Turawa su kaɗai, da fili a tsakani don kada a cuɗanya. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin wariyar launin fata da ka tambaya, kuma iyayenmu sun ɗanɗana ta, domin akwai muƙaman da aka keɓe wa farar fata, baƙar fata komai iliminsa ba ya hawa. Bature ya tafi, mu kuma muka riƙe layukan da ya ja.

Ga abin da nake tuna wa yaran ofis idan sun kawo mini gaisuwa. Babban asibitin Kofar Gayan sunan wa yake ɗauke da shi? Hajiya Gambo Sawaba, wadda mahaifinta mutumin Gana ne da ya zo aikin reluwe kamar kakanka, mahaifiyarta kuma Banufiya. Wa zai tashi yau ya ce ba 'yar Zariya ba ce? Janar Yakubu Gowon, iyayensa Angasawa ne daga Filato, amma a Wusasa ya tashi, a Barewa ya yi karatu. Ita kanta masarautar Zazzau ɗaya daga cikin gidajen sarautarta huɗu gidan Barebari ne, wani kuma gidan Katsinawa, sunayen kaɗai sun isa shaida cewa gari da zuwan baƙi yake ginuwa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wanda ya binne kakansa da iyayensa a gari ya wuce a kira shi raɓa.

Ina kuma jan kunnen masu ganin abin ƙarami ne. Rikicin Jos na Satumban 2001 ya taso ne bayan taƙaddama kan naɗin wani Bahaushe a muƙamin shirin yaƙi da talauci a Jos ta Arewa, inda aka ce shi ba ɗan asali ba ne. Abin da aka yi maka a nan, shi ake yi wa 'ya'yanmu da aka haifa a Jos da Shagamu da Sabo ta Ibadan.

Maman Husna ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a nan gida, na yi shekaru a Ingila, yanzu na dawo, don haka ina so in amsa wa ƙanena tambayarsa ta biyu daga abin da idona ya gani.

Wariyar launin fata gaskiya ce. A wani asibiti da na yi aiki a can, wata tsohuwa ta ce ba ta yarda baƙar mace ta sa mata ruwa ba, kuma na sha ganin waɗanda na koya wa aiki sun wuce ni a ƙarin girma. Su kansu sun amince da cewa cutar tana iya zama a jikin hukuma, ba sai a zuciyar mutum ɗaya ba, tun bayan binciken da aka yi kan yadda 'yan sandan Landan suka riƙe shari'ar kisan wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, wanda aka kashe a 1993, rahoton kuma ya fito a 1999. Amma akwai bambanci guda da ya kamata mu faɗa ko da ba daɗi. A can dokar daidaito ta 2010 tana bayan wanda aka nuna wa wariya, kuma takardar da ake tambayar ƙabilar mai neman aiki ana ware ta ne don ƙididdiga, masu tantancewa ba su ganin ta. Ranar da tsohuwar nan ta ƙi ni, shugabar sashenmu ta tsaya ta gaya mata cewa asibiti ba ya zaɓa wa majinyaci launin ma'aikaci. A nan kuwa fom ɗin da kansa ne yake tambayar jiharka da ƙaramar hukumarka a layin farko, kuma da amsar ake yanke hukunci. Don haka a ganina sunan ya bambanta, tun da mu duka baƙaƙe ne, namu ƙabilanci ne da ɓangaranci, amma tushen ɗaya ne: a auna mutum da abin da bai zaɓa wa kansa ba.

Mu mata kuma namu ya ninka. Ƙa'idar raba daidai ta ce matar aure tana nan a jiharta ta asali, ba ta koma ta mijinta ba. Ni 'yar wata jiha ce, mijina Bazazzage, 'ya'yana biyar duk 'yan nan ne, amma a takarda ni baƙuwa ce a gidana, idan kuma na je jiharmu sai a ce ai na yi aure na tafi. Ko manya ba su tsira ba, domin a 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda an gabatar da ita a gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki, alhali asalinta Anambra ne, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a rantsar da ita.

Sannan ina roƙon mu da muke bakin aiki mu duba kanmu, domin wariyar ba ta ƙarewa a ranar ɗaukar ma'aikata. Na ga inda mai naƙuda Bafulatana daga ruga take ta magana ba mai sauraron ta don ba ta iya Hausa sosai ba, ana ta yi mata dariya. Na ga inda ake duban sunan da ke kan kati kafin a yanke wanda zai fara ganin likita. Asibitin da yake da Bafulatana da Bajju da Bayarabiya da Inyamura a cikin ma'aikatansa ya fi iya jin ciwon duk wanda ya shigo, kuma wannan amfani ne na aiki tsantsa, ko da an ajiye maganar tausayi a gefe.

Jikan Ɗan Reluwe ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Anti. Barista, mahaifiyata Bazazzagiya ce, mahaifinta ɗan cikin ganuwa ne, gidansu na nan har yanzu kuma kawunnaina suna raye. Ban kawo ta ba ne saboda tun ina yaro ake gaya mini cewa ɗa na uba ne, shi ma jami'in sunan kakan uba kaɗai ya tambaya. Amma ina da aboki da muka tashi layi ɗaya, iyayensa duka biyu asalinsu Kudu maso Gabas ne, amma a nan aka haife su, kuma tare aka mayar da mu ranar. Shi ina zai nufa?

Barista Ɗan Kongo ya sake rubutawa:

To kai taka ta zo da sauƙi, ƙanena. Ka ɗauki kawunka ku je wurin mai unguwar gidan kakanka na wajen uwa, ya rubuta maka shaida, a bi da ita ta wurin dagaci zuwa hakimi, sannan ka kai ƙaramar hukumar da gidan yake tare da takardar haihuwarka da takardar indijin ta mahaifiyarka idan tana da ita. Ka rubuta buƙatarka a takarda, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, domin ƙi na baki ba ya barin sawu. Idan aka ƙi, ka nemi a rubuta maka dalili, ka kai kuka ofishin Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Kaduna, duka biyu ba a biyan kuɗi. Ka kiyaye abu biyu: ƙa'ida ta hana mutum riƙe ƙananan hukumomi biyu, don haka idan ka karɓi ta nan ka manta da ta Ogbomosho, kuma kada ka yarda wani ya sayar maka da takarda ta bayan fage, domin ranar tantance ma'aikata ita za ta kore ka ko da ka shekara ashirin kana aiki.

Abokinka kuwa ƙofarsa ita ce ta biyu, wato ƙaramar hukuma ta amince da shi, kuma wannan yana hannun masu mulkinta. A zamanin Malam Nasir El-Rufa'i gwamnatin Kaduna ta bayyana cewa ta daina bambanta ɗan asali da mazauni, aka kuma kafa hukumar rajistar mazauna jiha da ke bayar da katin zama. Ya yanki wannan kati, ya haɗa da takardun makarantunsa na nan da shaidar biyan harajin mahaifinsa, ya nemi aikin jiha da su. A aikin tarayya kuwa, inda ake ƙidaya kowa a kason jiharsa ta asali, har yanzu takardar indijin za a tambaye shi, don haka ina ba shi shawara ya fara neman dangin kakansa a Gabas tun kafin a sake buɗe wani gurbin.